Isawa da Matsayin Mai Wa'azi

A yammacin Zamfara, wato ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, Kiristoci tsiraru ne. Majami'unsu ƙanana ne, galibi mai bishara ko katikis ke jan sujada, matan zumunta suna amsa waƙa da Hausa. A irin wannan wuri tambayar ba ta 'yan boko kaɗai ba ce: me ke riƙe bangaskiyar mutum, abin da ya tabbata a zuciyarsa ko tsarin ikilisiya da mai wa'azinta? Tarihin ƙasar Hausa ya nuna cewa zuciya ce ke fara tafiya, amma ba ta kai gaci ita kaɗai.

Tun kafin mishan su zauna a Arewa, an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda. Ba fasto ya yi masa wa'azi ba, ba shi da coci. An kashe shi a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa da aka sani da Isawa suka watse zuwa wajen Ningi da iyakar Zazzau. Shekaru da dama suka riƙe abin da suka gaskata da baki, daga uba zuwa ɗa. Sai a 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Aka kafa musu mazauni a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira daga baya suka taru a Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929.

Wani zai ce wannan labari hujja ce cewa ba a bukatar mai wa'azi, tunda Isawa sun rayu ba tare da shi ba. Amma su da ƙafarsu suka tafi neman malami, domin abin da aka gada da baki yana raguwa kamar ruwan randa in ba a ƙara ba. Tsarin ikilisiya ne ya kawo makaranta da asibiti, ya kuma fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wani kuma zai ce, to a bar komai a hannun fasto, domin kowa na iya cewa ya yi mafarki ko an yi masa wahayi, ya ruɗi jama'a. Haɗarin gaskiya ne, sai dai mai riƙe da mimbari ma yana iya ruɗi, musamman in baiko da muƙami suka fi masa tumakin da aka ba shi kiwo.

Saboda haka aikin mai wa'azi shi ne ya koya wa mutane karatu da auna abin da suka ji a zuci da Littafin, sannan ya yarda su auna wa'azinsa da ma'auni guda. Inda rashin tsaro ke hana fasto kai wa ƙauyuka, ikilisiyar da aka koya wa karatu ce ke iya taruwa ranar Lahadi ko da bai zo ba.