Ƙa'idar Shekaru a Neman Aiki: Ina Aka Kwana a Majalisa?

Duk matashin Unguwar Gano ko Gyadi-Gyadi da ya taɓa kai takardunsa banki ko kamfani ya san sharaɗin nan: kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27. Wannan sharaɗi ne ya kai Majalisar Dattawa ga muhawara a watan Yulin 2023, lokacin da Sanata Abba Moro na Binuwai ta Kudu ya gabatar da ƙudiri a kansa. Majalisar ta buƙaci Ma'aikatar Ƙwadago ta hana masu ɗaukar ma'aikata, na gwamnati da masu zaman kansu, gindaya shekaru a tallan aiki.

Hujjar a bayyane take. Yaro ya gama sakandare yana ɗan 18, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana fafutukar samun gurbi a Jami'ar Bayero. Da ya shiga sai yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya riske shi: wata tara a 2020, wata takwas a 2022. Ya fito ya yi shekara guda ta hidimar ƙasa. Kafin ya riƙe takardunsa duka, shekarun da ake nema sun wuce shi, ba da laifinsa ba. Shi ya sa wasu ke zuwa a yi musu takardar rantsuwa su rage shekaru, ƙaryar da kan dawo ta ci su ranar tantance ma'aikata ko lokacin ritaya.

To amma ƙudirin roƙo ba doka ba ne, kuma babu hukunci ga wanda ya yi biris da shi. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, bai ambaci shekaru ba. A Amurka tun 1967 akwai dokar da ke kare ma'aikata masu shekara 40 zuwa sama, Birtaniya kuma ta sa shekaru cikin dokarta ta daidaito ta 2010. A Amurka dattijo ake karewa; a nan matashi ake cewa ya tsufa tun bai fara aiki ba.

Masu kamfanoni na cewa ɗanyen jini ya fi saurin koyo da araha, kuma ayyuka irin na soja da 'yan sanda na buƙatar ƙarfin jiki. Doka za ta iya ware irin waɗannan, sauran kuma a auna mutum da iyawarsa.

A 2018 an gyara tsarin mulki har ɗan shekara 25 ya samu damar takarar Majalisar Wakilai. Ke nan gyaran ba gagararre ba ne. Mazauna Tarauni, inda Unguwar Gano da Gyadi-Gyadi suke, na da ɗan majalisa a Abuja, kuma suna da ikon tambayarsa matsayinsa kan mayar da wannan roƙo doka.