Masu Karatun da ke Bin Diddigin Sihirin Littafi

A littafin Mistborn na Brandon Sanderson, marubuci ɗan Amurka, wanda ya fito a 2006, mai sihiri ba ya karanta ɗalasimai kuma ba ya kiran aljani. Garin ƙarfe yake haɗiya, ya ƙona shi a cikinsa, kowane ƙarfe da aikinsa. Kuza tana kaifafa ji da gani. Gamin kuza da dalma yana ƙara ƙarfin jiki. Baƙin ƙarfe yana jawo ƙarafan da ke kusa, sitil kuma yana ture su. Idan mutum ya ture kwabo, kwabon ne zai tashi kamar harsashi, don ya fi shi rashin nauyi. Amma idan kwabon yana ƙasa, ba inda zai je, sai mutumin ya yi sama. Da haka jaruman littafin ke tsallake rufin gidaje cikin hazo.

Irin wannan tsari shi ke buɗe wa masu karatu ƙofar hasashe. Ƙarafan nan bibbiyu suke zuwa: tsantsar ƙarfe da gaminsa, ɗaya na ja, ɗaya na turewa. To, a ƙarshen littafin farko sai ga alminiyam, wanda ke share duk ƙarfen da ke cikin mai sihiri, ya bayyana shi kaɗai. Duk mai lura ya san akwai abokinsa a ɓoye, kuma aikinsa zai zama kishiyar sharewa. Littafi na biyu, a 2007, ya kawo duralumin, mai fitar da ƙarfin sihirin gaba ɗaya a bugu guda. Wanda ya cinka daidai, lissafi ya yi da abin da marubuci ya riga ya ajiye a gabansa.

Haka aka yi da littattafan Harry Potter. Bayan littafi na shida a 2005 ya bayyana cewa mugun labarin, Voldemort, ya yayyanka ransa ya ɓoye a cikin wasu abubuwa, masu karatu da dama suka haɗa wannan da tabon goshin Harry da yadda yake jin maganar macizai, suka ce wani yanki na ran yana jikin yaron. Shekara biyu ana musu, littafin ƙarshe ya gaskata su a 2007.

Sanderson ya san da wannan ɗabi'a, har kiwonta yake yi. Ya rubuta a 2007 cewa marubuci ba shi da damar warware rikicin labari da sihiri sai gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin. Ya kuma riƙa cusa wani mutum mai suna Hoid a littattafai daban-daban, daga Elantris zuwa The Way of Kings, har masu karatu suka gano duniyoyin duk a sarari ɗaya suke. In an matsa masa da tambaya, sau da yawa cewa yake a karanta a gani, amsar da ya gada daga Robert Jordan, wanda ya ƙarasa wa jerin The Wheel of Time bayan rasuwarsa.

A ganina, inda masu hasashen ke wuce gona da iri shi ne ɗauka cewa kowane littafi haka yake. Marubuci Tolkien bai taɓa shimfiɗa iyakar abin da Gandalf, tsohon mai sihirin littattafansa, zai iya ba, kuma da gangan ne. Kwarjinin tsohon a nan yake. Tambayarsa awo da ma'auni kamar tsare mai tatsuniya ne a ce sai ta faɗi yadda Gizo ya koyi magana. Akwai kuma waɗanda idan littafi ya saɓa wa hasashensu sai su ce marubuci ne ya yi kuskure, alhali wani lokaci jaruman labarin ne ba su san dokar duka ba. Mutanen Mistborn sun yi ƙarnuka suna ƙirga ƙarafa goma, daga baya aka gano goma sha shida ne, kuma ƙarfen atium da suke kashe juna a kansa ma ba ya cikin goma sha shidan.