Gwaje-gwajen Kimiyya da Sabulu

Duk shekara in bajekolin kimiyya ya matso, sai mu ji ɗalibai suna kukan rashin kayan aiki. Alhali kuwa sabulun da muke wanki da shi ya ishe mu. Ga gwaji uku.

Na farko, mu sami kwalabe biyu, ɗaya da ruwan sama, ɗaya da ruwan rijiya. Mu sa sabulu daidai wa daida, mu girgiza sau 20, mu auna tsawon kumfar da rula. In ruwan rijiyar yana da kalsiyam da magnesiyam da yawa, kumfarsa za ta ragu, domin waɗannan sinadarai suna kama sabulu su lalata shi. Mu sake gwadawa da Omo, za mu ga ya yi kumfa a duka biyun.

Na biyu, mu tace ruwan toka mu dafa shi da man kaɗanya, kamar yadda iyayenmu mata suke haɗa sabulun salo. Sai dai ruwan toka mai ƙarfi yana cin fata, saboda haka kada a yi sai malami yana wurin.

Na uku, mu yanka burodi uku. Ɗaya kada a taɓa shi, ɗaya a shafa da hannu marar wanki, ɗaya bayan an wanke hannu da sabulu. Mu ƙulle kowanne a leda, mu riƙa duba fumfuna har mako biyu. Wannan zai tuna mana abin da hannu yake kaiwa baki, musamman lokacin kwalara.

Abin da muka gani shi za mu rubuta, ko da ya saɓa wa zatonmu.