Jirgin Yaƙi Mai Tsawon Inci 18

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar ruwa a Apapa ya san girman jirgin ruwa. To, akwai masu sha'awar mayar da irin wannan ƙato ɗan mitsitsi, su harhaɗa shi da roba da gam, su shafe shi da fenti, su ɗora a kan tebur. Ɗaya daga cikin jiragen da suke harhaɗawa kuwa shi ne Dreadnought, na sojan ruwan Ingila.

An fara ƙera shi a Fotsmos a watan Oktoba na 1905, Sarki Edward na Bakwai ya sa shi a ruwa ran 10 ga Fabrairu, 1906. Tsawonsa ƙafa 527, yana ɗauke da manyan igwa 10, faɗin bakin kowace inci 12, yana kuma gudun kamar mil 24 a awa guda. Da ya fito sai sauran jiragen yaƙi na duniya suka zama tsohon yayi. A 1915 ya bangaje wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da shi, amma a 1921 aka sayar da shi ga masu farfasa ƙarfe. Watau yau ba inda mutum zai je ya gan shi, sai a hoto ko a irin wannan samfuri. Shi ya sa aikin ya zama amana.

Kamfanoni irin su Zvezda da Trumpeter sun fitar da shi gunduwa-gunduwa cikin kwali, a ma'aunin 1 bisa 350. Ma'ana, kowane inci guda na samfurin yana madadin inci 350 na ainihin jirgin, sai ƙafa 527 ta koma inci 18, hancin igwa mai ƙafa 45 ya koma inci ɗaya da rabi.

Da farko a wanke gutsattsarin da ruwan sabulu, gama maiƙon masana'anta yana hana fenti kamawa. A yanko kowane da reza, a goge bakinsa da samfefa, a gwada shi a gurbinsa tukuna kafin a sa gam. Gam ɗin roba narkar da ita yake yi, idan ya yi yawa aiki ya ɓaci. Gangar jirgi ake fara haɗawa, sa'an nan daɓensa, da ɗakunan igwa guda 5, da bututun hayaƙi 2. Farfela 4 da siraran sanduna su ne na ƙarshe, don kada hannu ya karya su.

Fenti ma da ƙa'idarsa. A zamanin Sarauniya Biktoriya jiragen yaƙin Ingila baƙaƙe ne, samansu fari, bututunsu ruwan ɗorawa, amma kafin a ƙera Dreadnought an riga an koma ruwan toka don kada abokan gaba su hango su da wuri. Saboda haka toka za a shafa masa. Ƙasan da ke nutse cikin ruwa ja ne, da baƙin layi a tsakani, daɓen kuwa launin katako. A manna salatif don layi ya miƙe, a yi shafi marar kauri sau biyu ko uku, kowane a bar shi ya bushe.

Ga inda ake gane gwani. Masu zanen jirgin sun kafa dogon turken hange a bayan bututun gaba, sai hayaƙi da zafi suka riƙa turnuƙe masu leƙen inda harsashi ya faɗa. Kuskure ne sananne, kuma mai haɗa samfuri zai ji kamar ya matsar da turken gaba don ya fi kyau. To, kada ya kuskura. Ranar da ya gyara shi, ya yi wani jirgi ne dabam, ba Dreadnought ba.

Mai karatu, in ka taɓa ƙera motar kara kana yaro, hannunka ya riga ya san rabin aikin. Saura haƙuri, da duba tsofaffin hotunan jirgin kafin ka tsoma burushi a fenti.