Harsasan bindigar farauta a wasan harbin kaboyi

Wasan harbin kaboyi, wanda ake kira Cowboy Action Shooting a Amurka, gasa ce ta saiti da sauri da ake yi da bindigogi irin na ƙarshen ƙarni na 19. Ya samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya a farkon shekarun 1980, kuma ƙungiyar SASS da aka kafa a 1987 ita ce ke tsara dokokin da akasarin kulob-kulob ke bi. Ɗan wasa yana amfani da ƙananan bindigogin hannu guda biyu, da doguwar bindiga ɗaya, da kuma bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi sauran naushi a kafaɗa, shi ya sa zaɓen harsashinta yake da muhimmanci, musamman ga masu sayen na kamfani maimakon su ɗura da kansu.

Aikin da harsashin ke yi

A kowane zagaye ana ajiye bindigar farauta ba harsashi a cikinta. Sai agogo ya fara ƙirga lokaci ɗan wasa zai ciro harsasai daga ɗamararsa ya ɗura, kuma yawanci ba ya wuce biyu a lokaci guda. Abin da ake harbi faranti ne na ƙarfe da ke kusa, tazarar yadi 8 zuwa 16, kuma galibi sai farantin ya faɗi ake lissafa harbin. Idan bai faɗi ba, a mafi yawan gasanni ana iya sake ɗurawa a ƙara harbinsa, amma daƙiƙoƙi suna tafiya. Don haka ba a neman harsashi mai nisa ko mai kisan tsuntsu a sama. Abin da ake nema shi ne wanda zai kayar da faranti a harbi ɗaya, ba zai gajiyar da kafaɗa ba, kuma kwansonsa zai fita da sauƙi.

Dokoki

Dokokin SASS sun yarda da bindigogi daga geji 10 zuwa geji 20, an kuma yi wa ƙananan yara rangwamen amfani da waɗanda suka fi haka ƙanƙanta. Geji yana nuna faɗin bututu: adadin dunƙulen dalma masu faɗin bututun da za su cika laba ɗaya. Saboda haka geji 12, mai faɗin milimita 18.5, ya fi geji 20 mai milimita 15.6 girma. Ƙwayoyin cikin harsashi dole su zama na dalma, lamba 4 ko waɗanda suka fi ta ƙanƙanta. An haramta ƙwayoyin ƙarfe domin sukan yi tsalle daga faranti su dawo kan mutane, yayin da dalma ke farfashewa. Haka nan an hana harsasai masu ƙarfi fiye da kima irin na magnum.

Nauyi, gudu da naushi

Naushin bindiga shi ne turin da take yi baya idan an harba ta. Abubuwa uku ne suka fi ƙayyade shi: nauyin ƙwayoyin dalma, gudun da suke fita da shi, da nauyin ita kanta bindigar. Biyun farko a rubuce suke a jikin kwalin harsashi.

Harsashin gasar harbin faifai na yau da kullum a geji 12 yana ɗauke da giram 32 na dalma, yana fita da gudun ƙafa 1,200 a daƙiƙa, kimanin mita 366. Wani nau'in Winchester AA da aka yi domin rage naushi da ƙara yana ɗauke da giram 26 ne a gudun ƙafa 980, kimanin mita 299. Idan aka ninka nauyi da gudu, turin na biyun bai wuce kashi biyu cikin uku na na farkon ba. Da yake ƙarfin da ke isa kafaɗa yana bin ninkin wannan turin a kansa, a bindiga ɗaya yakan sauka ƙasa da rabi. Gudun mita 299 kuma bai kai na sauti ba, wanda ke kusan mita 343 a daƙiƙa, shi ya sa ƙararsa ba ta da kaifi.

Tsakanin waɗannan biyun akwai masu giram 28 da masu giram 24, waɗanda kamfanoni irin su Remington, Federal da Fiocchi ke yi. Wasu kwalaye suna nuna ƙarfi da tsohon ma'auni na diram, wanda aka gada daga zamanin baƙin albarushi: a harsashi mai giram 32, diram 2¾ yana nufin ƙafa 1,145, diram 3 kuma ƙafa 1,200.

Sababbin 'yan wasa da yawa suna ɗauka geji 20 ya fi sauƙi. Ba kullum ba ne. Bindigogin geji 20 sun fi rashin nauyi, don haka idan dalma da gudu iri ɗaya ne, suna iya fin na geji 12 naushi.

Game da girman ƙwaya, lamba 7½ da lamba 8 ne aka fi amfani da su. Lamba 8 tana da kaurin kusan milimita 2.3, kuma giram 28 na ɗauke da ƙwaya kimanin 410. A irin wannan tazara ƙwayoyin ba su gama bazuwa ba, saboda haka saiti ya fi girman ƙwaya tasiri.

Kwanso

Nan ne harsashi mai araha yakan nuna aibinsa. Doka ba ta yarda bindiga mai baki biyu ta riƙa cillo kwanso da kanta ba. Ɗan wasa yana buɗe ta ne ya fizge ta baya, kwansayen su zame su faɗi. Kwanso mai santsin jiki, irin na Winchester AA da Remington STS, ya fi saurin zamewa a kan mai gurza-gurza. Gindin kwanso ma yana da tasiri. Idan aka harba yakan buɗe, sai na tagulla ya koma daidai, amma na ƙarfe da aka yi wa rufi, wanda aka fi samu a harsasai masu araha, yakan tsaya a buɗe ya maƙale. Maganaɗisu yana bambanta su, domin yana kama ƙarfe amma ba ya kama tagulla. Bindigar Winchester 1897, wadda ake ja da turawa da hannu, ba ta cika damuwa da wannan ba tunda ita ke fitar da kwanso. Goge mazaunin harsashi tsakanin zagaye yana rage maƙalewa a kowace iri.

Tsada

Ana sayar da harsasai 25 a kwali, kwali goma kuma a katon mai 250, wanda yawanci ya fi rahusa. Gasar wata-wata mai zagaye shida, kowanne da faranti huɗu, tana cin kusan kwali ɗaya. Harsasan rage naushi na musamman sun fi tsada kuma ba kullum ake samunsu a kanti ba, don haka wasu ke yin atisaye da masu araha su ajiye masu kyau domin gasa. Kwanso mai inganci ana iya sake ɗura shi sau da dama, ko a sayar wa masu ɗurawa, abin da ke rage asarar. Hanyar da gogaggun 'yan wasa ke bi ita ce sayen kwali ɗaya a gwada shi a bindigar mutum kafin a sayi katon, domin harsashin da ya zame a wata bindiga yana iya maƙalewa a wata.

Kiyaye haɗari

Tsawon harsashin da aka saba da shi inci 2¾ ne, wato milimita 70, amma wasu tsofaffin bindigogi mazauninsu bai kai haka ba. Asalin Winchester 1887 da bindigogi masu murɗaɗɗen bututu irin na Damaskas an yi su ne domin baƙin albarushi, kuma harsashin zamani yana iya fasa su komai sauƙinsa, don haka maƙerin bindiga yake fara duba su. Harsashin geji 20 yana iya zurmawa cikin bututun geji 12 ya toshe shi, shi ya sa kamfanoni ke yin sa ruwan ɗorawa. Gilashin kare ido wajibi ne ga duk wanda ke filin saboda ɓarɓashin dalma, kuma ana wanke hannu bayan harbi kafin a ci abinci.