Idan motar da ka saya ta zo da aibu: yadda za ka karɓi haƙƙinka

Jama'a, cinikin mota daban yake da cinikin shanu. A kara ta Ngurore, inda mahaifina ke sayen shanu, idan sa ya fito da ciwo bayan ciniki, dillali ake kama wa, shi zai nemo mai dabbar a sasanta. A garejin sayar da motoci kuwa, takarda ce shaidarka.

Bara yayana, mazaunin Sabo a Ibadan, ya zo gida Sallah ya sayi mota 'yar Kwatano a wani gareji a Jimeta. Ko Numan bai kai ba giya ta fara ƙin shiga. Dila ya ce ai an gama ciniki. Ga abin da muka koya.

Da farko, kar ka bari makaniki ya buɗe injin ko giya kafin dila ya gani, in ba haka ba zai ce kai ka lalata. Ɗauki bidiyo, ka adana rasit, shaidar turin kuɗi ta banki da saƙonnin WhatsApp. Duba takardar kwastam, ka tabbatar lambar shasi da ke jikinta ita ce a jikin motar.

Sai ka koma da dillalin da ya ci la'ada, tare da dattijo ɗaya da makanikin da ku duka kuka yarda da shi. Faɗi abu ɗaya da kake so: gyara, canji ko kuɗinka. A musulunce ma, wanda aka ɓoye wa aibu yana da damar mayar da kaya. In dila ya ƙi, kai ƙara wajen shugabannin ƙungiyar dilolin motoci, don suna jin kunyar junansu.

Kar ka ruga ofishin 'yan sanda, sai dai in takardun jabu ne ko motar ta sata ce. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Wannan aikin kotu ne, ko hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC.

Mu dai a zama na uku dila ya yarda ya sa wata giyar, yayana ya biya kuɗin aiki. Abin da ya cece mu saƙon murya ne da dilan ya turo kafin ciniki yana cewa giya lafiya lau take.

Don haka ɗan'uwa, in za ka sayi mota a gida, kar ka kama hanyar Kudu washegari. Yi kwana biyu kana zagaye da ita tsakanin Jimeta da Yola, domin rigima daga Ikko ta waya ba ta ƙarewa. Allah ya tsare mana dukiyarmu.