Ko Kun Sani? Abin da Ke Sa Yatsu Kuskure a Kan Kwamfuta Lokacin Sanyi

Da safiyar hunturu ka zauna gaban kwamfuta, ka nufi harafin "k" amma ka danna "l", ka goge, ka sake kuskurewa. Sau da yawa na'urar lafiyarta lau, jikinka ne ke tattalin zafinsa. Don ya riƙe zafin cikinsa a kusan digiri 37, sai ya matse jijiyoyin jinin yatsu. Da zarar zafin fatar yatsa ya sauka ƙasa da digiri 15, hannu yakan yi nauyi, jin taɓawa ya ragu.

Abin da ya fi burge ni shi ne jiki ba ya watsar da yatsun. A 1930, likitan Birtaniya Thomas Lewis ya nuna cewa idan aka tsoma yatsa cikin ruwan ƙanƙara, bayan minti biyar zuwa goma jijiyoyin sukan buɗe, jini ya kwararo, yatsan ya yi ja, sannan su sake rufewa, haka bi da bi.

Kuma yawancin tsokokin da ke lanƙwasa yatsu a hannu suke, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Shi ya sa rigar sanyi mai dogon hannu ta fi hura wa tafi iska amfani.